Me ya kai su sama neman dutse, alhali dutsen yana faɗo mana har gona?

"Malam, ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Funtuwa. Kwanakin baya na ji a rediyo cewa an sayar da wani dutsen duniyar Mars da aka tsinta a jihar Agadas kan dala miliyan 5 da 'yan kai. Na kuma san labarin wanda ya faɗo a Zagami, nan kusa da mu. To, tunda duwatsun nan suna zuwa da ƙafarsu kyauta, me ya sa Amurka ta zuba maƙudan kuɗi ta aika kumbo tafiyar shekara 7 don ya ɗebo ƙurar da ba ta cika gwangwanin madara ba? Ɗalibaina sun tambaye ni na rasa ta cewa. Kuma da gaske ne an samu alamar rai a cikin ƙurar?"

Malam, in na fahimce ka, abu biyu kake nema. Kana son sanin bambancin dutsen da ya faɗo da kansa da wanda aka je aka ɗebo, da har zai ci wannan kuɗi, sannan kana son sanin abin da aka gani a cikin ƙurar. Kumbon da kake nufi shi ne OSIRIS-REx na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, dutsen sararin da ya je kuwa sunansa Bennu. Sana'ata nazarin duwatsu da ma'adinai ce, yawanci na ƙasarmu. Ƙurar Bennu ban taɓa ta da hannuna ba, rahotannin waɗanda suka auna ta nake bi. Amma irin awon da suka yi da irin ma'adinan da suka samu, abin da nake koyarwa ne kullum, kuma ɗaya daga cikinsu na tabbata yana cikin madafin gidanku yanzu haka. Za mu zo kansa.

Mu fara da na gida

Ranar 3 ga Oktoba 1962, wani manomi yana korar hankaki a gonarsa a Zagami, yankin Faskari, sai ya ji ƙara mai firgitarwa, iska ta buge shi, ya ga hayaƙi, wani abu ya nutse cikin ƙasa taku kaɗan daga inda yake tsaye. Da aka tono, dutse ne mai nauyin kilo 18. Aka kai shi ofishin binciken ƙasa da ke Kaduna.

Dutsen nan bai zo da wasiƙa ba. Babu abin da aka rubuta a jikinsa da ke cewa daga Mars yake. Abin da masana suka fara lura da shi kawai shi ne baƙo ne ko a cikin baƙi. Yawancin duwatsun da ke faɗowa daga sama shekarunsu sun kai miliyan 4,500, tun farkon kafuwar rana da duniyoyinta. Na Zagami kuwa narkakken dutse ne da ya daskare kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, wato jiya-jiya a lissafinmu. Ƙaramin dutsen sarari ba ya riƙe zafi har zuwa wannan lokaci, sai babbar duniya mai duwatsu masu aman wuta. An yi ta zargin Mars, amma zargi ba shaida ba ne.

Shaidar kumbo ne ya kawo ta. A 1976 kumbuna biyu masu suna Viking suka sauka a Mars, suka auna iskar can: nau'o'in gas ɗin da ke cikinta da gwargwadon kowanne. A 1983 aka duba wani dutse da aka tsinto a ƙanƙarar Antatika, aka tarar da 'yar iska a kulle cikin ƙananan ƙwayoyin gilashi da suka samu lokacin da wani abu ya doki uwar dutsen ya cillo shi. Da aka auna, iskar ta yi daidai da wadda Viking ya shaƙa, kamar tambarin yatsa. A 1995 aka samu irin wannan iska a cikin na Zagami shi kansa. Saboda haka ka gaya wa ɗalibanka cewa wannan dutse na Agadas, mai kusan kilo 25, wanda aka tsinta a Nuwamba 2023 aka yi gwanjonsa a New York a Yuli 2025, ba don kumbo ya je Mars ya auna iska ba, da babu mai iya rantsewa daga can yake, da kuma farashinsa bai kai kusa da haka ba. Wani abin ban sha'awa, a 1996 an maƙala ɗan ɓarɓashin Zagami a jikin kumbon Mars Global Surveyor, ya koma yana kewaya garinsu.

Abin da hanya ke cinyewa

Dutsen da ya faɗo mana ba shi ne dutsen da ya taso ba. Yana shigowa iskar duniya da gudun da bai gaza kilomita 11 a daƙiƙa ba. Wanda yake da tauri, mai ƙarfe a ciki, fatarsa ce kawai za ta ƙone, ya iso. Wanda yake da laushi kamar busasshen hoge, iska za ta murƙushe shi tun yana can sama. Mun ga wannan da idonmu a Sudan. A Oktoba 2008 masu na'urar hangen nesa suka hango wani dutse mai faɗin kamar mita 4, ƙasa da kwana ɗaya kafin ya iso. Ya tarwatse a saman hamadar Nubiya ranar 7 ga wata. Malamai da ɗaliban Jami'ar Khartoum suka jeru sahu-sahu suna taka hamada suna tsince, kusa da tasha ta 6 ta layin dogo, shi ya sa ake kiransa Almahata Sitta. Dutsen da aka ƙiyasta nauyinsa tan 80 ne, abin da aka tara bai fi kilo 10 da 'yan kai ba.

To irin duwatsun da suka fi damun mai neman asalin ruwa da sinadaran rai su ne masu laushin nan, baƙaƙe masu yumɓu da kabon. A sarari suna da yawa ƙwarai, amma cikin waɗanda ake ganin faɗowarsu ba su wuce kashi 4 ko 5 cikin 100 ba. Ashe abin da ke cikin gidajen tarihinmu ba ya wakiltar abin da ke sama, ya wakilci waɗanda suka iya jure dukan hanya ne kawai.

Wanda ya tsira kuma, daga ranar da ya taɓa ƙasa ya fara zama ɗan gari. Raɓa ta shige shi, iska ta sa masa tsatsa, ƙwayoyin halitta su yi gida a cikinsa, hannun wanda ya tsinta ya bar masa gumi. Akwai wani rukuni da muke ji da shi fiye da kowanne, wanda aka raɗa wa sunan Ivuna, wani wuri a Tanzaniya inda ɗaya ya faɗo a 1938. Sinadaransu sun fi na kowane dutse kama da na rana, don haka su ne mudun da muke auna sauran duwatsu da shi. Waɗanda aka ga faɗowarsu ana ƙirga su da yatsun hannu. Mafi girmansu ya faɗo a Orgueil ta Faransa a 1864, kuma yana zaune cikin akwatin gidan tarihi wasu fararen jijiyoyin gishiri suka riƙa tsiro masa saboda damshin ɗaki. Da kumbon Japan mai suna Hayabusa2 ya dawo a Disamba 2020 da giram 5.4 daga dutsen Ryugu, kamar cikin cokalin shayi, sai aka ga ɗan gidan su Ivuna ne sak, amma babu wannan farin gishiri, babu tsatsar, babu ruwan da na gidan tarihi suka tsotsa. Wato fiye da shekara 100 muna awo da mudun da ya lotse ba mu san iyakar lotsewarsa ba. A wajena wannan kaɗai ya biya kuɗin tafiyar Japanawa.

Sai matsalar adireshi. Dutsen Agadas lambarsa NWA 16788, kuma haruffan nan suna nufin arewa maso yammacin Afirka ne kawai. Dubban duwatsu ke ɗauke da su, da yawansu sun bi hannun makiyaya da dillalai har kasuwannin Maroko ba tare da an rubuta inda aka tsince su ba. Ko an san inda dutse ya faɗi, ba a san daga wane dutsen sarari ya ɓalle ba, daga samansa ko daga cikinsa. Mai nazarin duwatsu in ka miƙo masa dutse, tambayarsa ta farko ita ce daga ina, me ke samansa, me ke ƙarƙashinsa. Ɗalibin da ya kawo mini samfuri daga fili babu lambar wuri, sai ya koma.

Yadda ta kaya a Bennu

An harba OSIRIS-REx a Satumba 2016, ya isa a Disamba 2018. Bennu faɗinsa kusan mita 500 ne, yana juyawa sau ɗaya cikin awa 4 da 'yan mintuna. Kafin a je, awon da aka yi daga nesa ya sa ana zaton za a tarar da filaye masu yashi, har aka tsara kumbon ya sauka a fili mai faɗin mita 50. Da hotuna suka fara zuwa sai aka ga duwatsu ne birjik, wasu sun kai girman gida, babu inda za a sa ƙafa. Aka shafe shekara ana zana taswira kafin a samu wani ɗan gurbi mai faɗin mita 16. A tsakanin nan kuma kyamara ta kama Bennu yana tofar da tsakuwa zuwa sarari, abin da babu na'urar hangen nesa da ta taɓa gani daga nan.

Ranar 20 ga Oktoba 2020 kumbon ya sauko ya miƙa hannunsa. Nisansa da mu ya haura kilomita miliyan 300, saƙo yana ɗaukar fiye da minti 18 kafin ya iso, don haka babu mai tuƙa shi, kansa ya yi wa jagora. Tsarin shi ne bakin hannun ya taɓa ƙasa na 'yan daƙiƙu, ya fesa iskar naitrojin, ƙura ta tashi ta shiga cikin wani kwano da ke bakin hannun. Sai ƙasar ta ƙi tsayawa. Hannun ya lume kusan rabin mita, kamar wanda ya taka tsibin ƙaiƙayi yana zaton tudu ne, kuma ba don injinan ja da baya sun tashi ba da ya ci gaba da nutsewa. Nan aka tabbatar Bennu ba dunƙulallen dutse ba ne, tarin tsakuwa ne da ɗan ƙarfin jan juna ya riƙe, kusan rabin cikinsa fanko. Kwanon ya cika har tsakuwa ta tokare murfin, ƙura tana zubewa a sarari, dole aka yi gaggawar rufe shi kafin ranar da aka tsara.

Ƙunshin ƙurar ya sauka da lema a hamadar Utah ranar 24 ga Satumba 2023. Abu na farko da aka yi masa shi ne jona masa bututun naitrojin don kada iskarmu ta shiga. Sai kuma abin dariya: mutanen da suka kai kumbo can suka dawo da shi lafiya, noti 2 cikin 35 da ke jikin kwanon suka gagare su kwancewa. Ba za a ɗauko kowace sukundireba a shago ba, domin duk abin da zai shiga akwatin da aka killace kwanon a ciki sai an tantance ƙarfensa kada ya gurɓata ƙurar. Sai da aka ƙera sabbin kayan aiki, aka buɗe a Janairu 2024. Jimillar abin da aka samu giram 121.6, ninki biyu na giram 60 da aka yi alkawari.

Kanwa

A Janairu 2025 ayarin da Tim McCoy na gidan tarihin Smithsonian da Sara Russell ta gidan tarihin halittu na Landan suka jagoranta ya fitar da sakamakon da ya fi burge ni. Sun samu jerin ma'adinai 11 na gishiri a cikin ƙurar, ƙanana ƙwarai, sai da na'urar ƙara girman abu ake ganinsu. Akwai gishirin miya na yau da kullum. Akwai kuma wani da Turawa ke kira trona, wanda ba a taɓa samu a wani abu da ya zo daga sama ba. Da na karanta sunan sai da na yi dariya ni kaɗai a ofis, domin wannan ma'adini shi ne ƙashin bayan kanwa. Kanwar nan da ake jefawa a tukunyar wake da miyar kuɓewa, wadda ake dama wa mai jego kunu da ita, wadda Fulani ke ba shanu.

Bahaushe ya fi Baturen da ke zaune a birni saurin gane ma'anar wannan, domin mun san inda kanwa take fitowa. Ba a haƙo ta daga cikin dutse kamar kuza. Tana samuwa ne a bakin Tafkin Chadi da kwarurrukan ƙasar Manga, inda ruwa mai gishiri ke kwanciya ba shi da mafita, rana ta yi ta shanye shi har ya bar farin ɓawo. Haka gishirin Bilma da Fachi da ayarin raƙuma ke ɗaukowa: a tara ruwa a rami, a bar wa rana aikinta. Kuma wanda ya san sana'ar ya san ba a lokaci ɗaya komai ke kwanta ba. Abin da ba ya son zama cikin ruwa, dangin farar ƙasa, shi ke fara fita. Ruwan yana raguwa yana ƙara kauri, sai dangin kanwa su biyo. Gishirin miya da 'yan'uwansa masu jure zama cikin ruwa su ne na ƙarshe. Wannan jeri, daga farkonsa har ƙarshensa, shi aka tarar a ƙurar Bennu. Gishiri guda ɗaya ana iya yi masa fassara iri-iri, amma cikakken jeri ba ya samuwa sai ruwa ya kwanta ya ƙafe a hankali.

A ina ruwa zai kwanta a kan tarin tsakuwa mara iska? Ba a kan Bennu ba, a cikin uwarsa. Bennu ɓaraguzai ne na wani babban dutse da ya haɗu daga ƙura da ƙanƙara fiye da shekara miliyan 4,500 da suka wuce. A wancan zamani akwai wani nau'in alminiyom mai fitar da zafi yayin da yake rikiɗa, wanda rabinsa ke ƙarewa duk bayan shekara kusan 700,000. Zafinsa ya narkar da ƙanƙarar cikin dutsen, ruwan ya bi tsagogi ya jiƙa ma'adinai ya mai da su yumɓu, ya kwashi gishirinsu. Da zafin ya ƙare, ruwan ya ƙafe ko ya daskare, ya bar gishiri a baya. Daga baya wani dutsen ya doki uwar ta tarwatse, wasu ɓaraguzan suka sake taruwa suka zama Bennu.

Yanzu ka tuna abin da gishiri ke yi a watan Agusta in an bar shi a buɗe, yadda yake jiƙewa ya yi ruwa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Ƙwayar da ba ta kai kaurin gashi ba, kwana nawa za ta yi a gona a Faskari, ko a aljihun dillali? Da Bennu ya aiko mana da yankinsa kyauta, yumɓun zai iya isowa, amma gishirin, wanda shi ne ke ba da labarin ruwan, da wuya ya kai ga ɗakin bincike. Amsar tambayarka ta farko ke nan a dunƙule: abin da aka biya kuɗi a kai shi ne a samo ƙurar ba tare da duniyarmu ta taɓa ta ba.

Kuma ba Bennu kaɗai ke da wannan kanwa ba. A 2015 kumbon Dawn ya isa Ceres, mafi girman duwatsun da ke tsakanin Mars da Mushtari, mai faɗin kusan kilomita 940, ya ga wasu fararen tabo suna ƙyalli a tsakiyar ramin Occator. Awon hasken da ke fitowa daga cikinsu ya nuna dangin kanwa ne. Kumbon Cassini kuma ya ratsa ta cikin ruwan da wani ƙaramin wata na duniyar Zuhalu mai suna Enceladus ke fesowa daga ƙarƙashin ƙanƙararsa, ya ɗanɗano irin wannan gishiri. Waɗancan daga nesa aka gani ko a guje aka shaƙa. Na Bennu shi ne wanda aka ɗora a kan tebur.

Batun alamar rai

A'a, ba a samu rai ba, ba a kuma samu gawar wani abu mai rai ba. Abin da aka samu cefane ne. Jikin duk wani mai rai yana gina furotin daga tubala 20 da ake kira amino asid, an samu 14 daga cikinsu. Haruffa 5 da ake rubuta bayanan gado da su a cikin DNA da RNA, an same su duka. An samu amoniya mai yawa, abin da ke nuna uwar dutsen ta haɗu ne a wuri mai tsananin sanyi, nesa da rana. A ƙarshen 2025 wani ayari ƙarƙashin masanan Japan ya ƙara da nau'o'in sukari, ciki har da gulukos da kuma ribos wanda ke cikin ginin RNA. Ga cefane a kan tabarma, ga ruwa, har ga kanwa, amma babu alamar an ɗora tukunya. Ni ina ganin wannan rashin ma darasi ne: kayan haɗi da ruwa sun zauna wuri ɗaya, rai bai fito ba. Ashe tara kayan bai isa ba.

Akwai kuma inda ƙurar ta kunyata masana. Yawancin tubalan nan suna zuwa ne iri biyu, na dama da na hagu, kamar tafin hannunka biyu, kamanninsu ɗaya amma ba sa hawa kan juna. Masu rai a duniya kusan na hagu zalla suke amfani da shi. A wasu duwatsun da suka faɗo, kamar na Murchison da ya sauka a Ostareliya a 1969, an ga na hagu ya ɗan rinjaya, har aka gina ra'ayin cewa daga sama muka gaji wannan son kai. A Bennu sai aka tarar kusan kunnen doki ne. Wannan ya raunana ra'ayin, amma ya ƙarfafa shaidar cewa sinadaran na can ne, domin da gumin hannun ɗan Adam ne ya shiga, da hagu ya cika awon.

Ina jan kunnen ɗalibaina a kan wannan batu kullum, saboda duniyarmu cike take da rai kuma ba ta jiran gayyata. A 2024 wasu masu bincike a Landan suka ba da rahoton cewa sun ga zare-zaren ƙwayoyin bakteriya a kan wata ƙwayar Ryugu da aka ba su. Suka bi su suna ƙirgawa, suka ga suna ƙaruwa sannan suna mutuwa, kuma hoton da aka ɗauka kafin a fito da ƙwayar cikin iska bai nuna komai ba. 'Yan gida ne suka hau ta. In haka ta faru da abin da aka yi wa wannan tsaro, duk ranar da ka ji an ce an ga halitta a cikin dutsen da aka tsinta a jeji, ka fara tambayar wa ya taɓa shi.

Kada kuma mu zarce. Abin da ke hannu daga irin waɗannan baƙaƙen duwatsu ɗiba ne daga guda 2 kacal, na Bennu ma daga gurbi ɗaya. Wanda ya ɗebi ƙasa cikin gwangwani a Dawanau ba zai ba ka labarin ƙasar Najeriya ba. A nan duwatsun da ke faɗowa suka fi kumbo: sun kai dubun-dubata, daga iyaye iri-iri.

Kuɗin fa?

Tafiyar ta ci sama da dala biliyan 1, in an haɗa da roket da shekarun aiki. Akwai dalili na biyu da ya sa aka zaɓi Bennu: hanyarsa tana gittawa kusa da tamu. Bin diddigin da kumbon ya yi masa ya sa aka iya lissafa cewa damar ya doki duniya ranar 24 ga Satumba 2182 ɗaya ce cikin 2,700. Ƙarama ce, amma in wata rana aka so ture irinsa, sai an san ko dunƙulallen dutse ne ko tsibin tsakuwa. An gwada a Satumba 2022, lokacin da kumbon DART ya doki wani ƙaramin dutse mai suna Dimorphos da gangan. Zagayen da yake yi wa babban abokinsa cikin awa 11 da minti 55 ya ragu da kusan minti 33, kuma yawancin turin daga tsakuwar da ta fantsama ya zo, ba daga nauyin kumbon ba. Shi OSIRIS-REx bai yi ritaya ba. An canja masa suna, ya nufi wani dutsen sarari mai suna Apophis, wanda zai wuce mu da tazarar kusan kilomita 32,000 a daren 13 ga Afrilu 2029, kuma daga Afirka za a gan shi da ido in sama ta washe. Ka sa wa ɗalibanka wannan rana a allo.

Ni kuɗin Amurka ba ya hana ni barci. Abin da ke damuna namu ne. NASA ta kulle aƙalla kashi 70 cikin 100 na ƙurar Bennu don masu binciken da za su zo da na'urorin da ba a ƙera ba tukuna. Mu kuwa na Zagami an yayyanka shi, gutsattsarinsa sun bazu a gidajen tarihi da hannun 'yan kasuwa a faɗin duniya, na Agadas kuma sai bayan an buga masa gwanjo gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita.

In an kawo maka dutse

Tunda kai malamin kimiyya ne, za a kawo maka, musamman yanzu da labarin miliyoyi ya zaga. Ni a shekara ba na rasa masu sallama. Wani dattijo ya taɓa zuwa mini da nasa a naɗe cikin tsumma uku, ya ce ɗansa ya ga wuta ta faɗo bayan gari, da safe suka je suka same shi. Ya wanke shi tas da omo, ya shafa masa man gyaɗa don ya yi ƙyalli. Baƙi ne, mai nauyi, mayen ƙarfe yana kama shi. Da na juya shi sai ga ƙananan ramuka kamar na soso, da alamar inda ya kwarara yana narke. Kashin maƙera ne, daga wata tsohuwar matoyar tama. Na daɗe ina neman kalmar da zan gaya masa da ita. Yawancin abin da ake kawowa ke nan, ko marmara, ko gatarin aradu, wanda shi kuma hannun mutanen da ne ya sassaƙa shi.

Na gaske ba ya da ramukan soso. Yana da siririyar baƙar fata kamar an gasa shi, wani lokaci da lotsawa kamar an danna yatsa a ɗanyen yumɓu, cikinsa kuma yakan fi wajensa haske. In irin na yau da kullum ne, za ka ga ƙyallin ƙarfe da wasu ƙananan ƙwallaye kamar ƙwayar gero a inda ya fashe. Mayen ƙarfe yana kama yawancinsu, amma irin na Zagami da ƙyar yake jansa, kuma masu bincike ba sa son a manna masa maye mai ƙarfi domin yana goge wani bayanin da ke cikinsa. Tabbaci sai an yanki ɗan yanki an goge shi ya kai sirantar kashi 3 cikin 100 na milimita, an duba a na'ura. Kafin nan, ka sa a ɗauki hotonsa a inda yake kwance, a rubuta wuri da rana da sunan unguwa, a ɗauke shi da takardar alminiyom mai tsabta ba da hannu ba, a ajiye a busasshen wuri. Kada a shafa masa mai, kada kuma ruwa ya taɓa shi.